Waya ta Huɗu

Umdurman, 9 ga Oktoba, 2017

Zuwa ga Yayata Zuwaira,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Aliyu da duk mutanen da kike dafa wa abinci a gonar riɗi. Mu nan lafiya lau, sai dai Raniya na fama da ciwon baya irin na masu ciki, ni kuma keken ɗinki ya fara cinye mini idanu. Sau uku na kira wayarki kafin Goggo Jummare ta ɗauka, ta ce kin bar ta a gida don a Fashaga ba a samun layi sai na Habasha. Shi ya sa na koma wa takarda kamar mutanen da. Zan ba Arzika direba, ya ce zai ajiye ta a Shuwak a kai miki.

Maganar baƙar intanet ce, wato ƙunshin data na iyali, wadda nake biya mana duk wata. Kin san waya huɗu ke ci a cikinta: tawa, ta Raniya, taki, da ta marigayi Baba. To, kamfanin ya sake tsari. Daga farkon wata mai zuwa kuɗin baƙar zai tashi daga jine ɗari da hamsin zuwa ɗari biyu da ashirin, kuma waya uku kaɗai za ta ɗauka. Ta huɗu sai an biya mata jine casa'in nata na kanta. Na ce wa yaron ofishin, ai intanet ɗin ɗaya ce, ba ƙaruwa take yi ba don an ƙara waya. Ya ce haka aka rubuto musu daga sama, in matsa na baya ya zo.

Yaya, wallahi abin ya fi ƙarfina. Ga haya, ga haihuwa tafe, ga zare da ya ninka. Sun nuna mini takardar abin da kowace waya ke ci, na ga ta Baba kusan ba ta cin komai. Wata takwas ke nan da rasuwarsa. Inna ma ba ta yarda a kira ta a kanta, kullum sai ta ce a kira taki. Ina jin ganin wayar ma tayar mata da hankali yake yi. Ni a ganina ita ya kamata a cire, amma ban so in yi ba da saninki ba. Ki ba ni amsa kafin ƙarshen wata.

Har yanzu ba labarin Yaya Sale? Allah ya bayyana shi.

Ƙaninki,
Saifuddeen


Fashaga, 22 ga Nuwamba, 2017

Saifu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai gajiya da sauro. Zazzaɓi ya kwantar da Aliyu kwana huɗu amma ya tashi. Mun gama yankan riɗi, saura dawa, ba mu dawowa Gadarif sai Janairu. Ka gaishe da Raniya, ka ce mata ta daina ɗaukar jarkar ruwa.

Takardarka ta yi sati biyar a shagon wani mai sayar da mai a Shuwak, ta zo mini duk tabon baƙin mai. Da na karanta sai da na ajiye muciya na zauna a ƙasa. Kai Saifu, shekara goma sha biyu a birni ta mai da kai baƙo a gidanku? Kada ka taɓa layin Baba. Na sake faɗa maka, kada ka taɓa shi. In dole sai an cire waya ɗaya, cire tawa, ni ba wanda nake jira.

Bari in buɗe maka abin da ya kamata ka gane da kanka. Yaya Sale ne ya saya wa Baba layin nan da kuɗin aikinsa na fari, kuma ita kaɗai ce lambar da ke cikin kansa. Tun da ya tafi haƙar zinariya arewa, daga can ya wuce Libiya, waya nawa aka ƙwace masa? Duk saƙon da ya taɓa turowa, a wayar aro ya turo shi, ta Watsaf, kuma kan lambar Baba. Na ƙarshe ya shekara da wata biyu. Bai ma san Baba ya rasu ba.

Ka kuma tuna yadda suka rabu. Baba ya so ya zauna a rumfar dukanci a kasuwa, shi ya ƙi, Baba ya ce masa in ya tafi kada ya sake kiransa. Kai ba ka nan lokacin da Baba ya yi nadama. Har ya rasu wayar nan tana aljihun gabansa, ko masallaci ba ya kashe ta. Yanzu Inna ta ɗinka mata jaka ta rataye a ginshiƙin ɗakinta. Kullum da hantsi da ƙafarta take kai ta caji shagon Siddiƙ, ta zauna har ta cika, ba ta yarda kowa ya riƙe. Abin da ya sa take hana a kira ta a kai, tsoro take kada ya kira ya tarar ana magana. Ka ce wayar ba ta cin komai. To me za ta ci, wayar da aikinta jira?

Abu ɗaya kuma: kada ka ce za ka tambayi Inna. Yaya Sale ɗan farinta ne. Ka taɓa jin ta kama sunansa tun da aka haife ka? "Wancan" take cewa, ko "mutumin naku". Ko ranar da ya tafi, tsintar dawa ta ci gaba da yi, ba ta ɗaga kai ba. In ka tambaye ta za ta ce maka ba komai, kuma ƙarya ce irin ta kunya.

Ka rubuto ka kwantar mini da hankali.

Yayarka,
Zuwaira


Umdurman, 14 ga Disamba, 2017

Yaya Zuwaira,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan Aliyu ya warware sarai. Albishirinki, Raniya ta sauka ranar Talatar da ta wuce, an sami mace, mun sa mata Jannatu. Sai da aka yi mata aiki, amma alhamdu lillahi suna gida dukansu.

Takardarki ta same ni shekaranjiya. Yaya, ki yi haƙuri, ta zo a makare. Na jira amsarki har ranar talatin ga Oktoba, da na ji shiru sai na kira wayarki, Goggo Jummare ta miƙa wa Inna. Na yi mata bayani dalla-dalla, na ce Inna, akwai wanda kike jira a layin nan? Ta ce, "Ni? Wa nake da shi da zan jira? Yi abin da ya fi maka sauƙi, kai ma kana da iyali." Na sake tambaya, ta sake faɗa, har da 'yar dariya. Da bakinta ta faɗa, Yaya. Ranar ɗaya ga Nuwamba na cire layin.

Na san za ki ce ba ni da hankali. Amma ni a nan in mutum ya ce a'a, a'a yake nufi, na saba da haka har na manta da na gida. Kuma ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya ce lambar nan ita kaɗai Yaya Sale ya sani. Kun riƙe a cikinku ku biyu.

Kada ki tayar da hankalinki. Layin yana nan, intanet ɗin ce kawai aka yanke. In ya turo saƙo zai tsaya yana jira, da an mayar sai ya shigo. Taki kuma ba zan cire ba, da ita muke jin muryar Inna. Yanzu asibiti ya kwashe abin da ke hannuna, amma ina da kayan ɗinkin wani biki, da an biya ni a ƙarshen wata zan je in mayar, in sha Allahu. Ba sai kin gaya wa Inna ba.

Ƙaninki,
Saifuddeen


Gadarif, 26 ga Fabrairu, 2018

Saifuddeen,

Sallama. Ina fatan Jannatu da uwarta suna lafiya. Inna na kwance da zazzaɓi kwana uku, amma yau ta sha kunu.

Wayata tana hannuna, amma ba zan kira ka ba. Ɗaki ɗaya muke da Inna, duk abin da na faɗa a kunnenta ne. Kuma in na ji muryarka ban san abin da zai fito daga bakina ba.

Tun da na dawo a Janairu ban taɓa wayar Baba ba, na ɗauka ka cika alkawari. Sau biyu muka yi magana da kai, ka ba ni labarin layin burodi da kukan jaririya, ba ka ce uffan ba, ni ma ban iya tambaya ba don Inna na gefe. Jiya da ta kasa tashi, ta ciro jakar ta miƙo mini ta ce in kai caji, in riƙe da kyau. A shagon Siddiƙ na duba fuskar wayar, na ga an rubuta layin ba ya kan hanya. Na nuna wa Siddiƙ. Ya ce in kira lambar da tawa. Na kira. Saifu, wayar Baba tana tafin hannuna shiru, amma ina jin tana ƙara a wani wuri. Wata mata ta ɗauka da Larabci, sai na kashe.

Siddiƙ ya ce haka kamfanin nan ke yi: layin da ya kwana casa'in ba a sa masa kuɗi ba, kuma ba ya cikin baƙar kowa, sai su karɓe su sayar wa wani. Kai da ka iya karanta takardar abin da kowace waya ke ci, ba ka karanta wannan ba?

Wata huɗu tsohuwar nan tana taka rana zuwa shagon Siddiƙ tana cajin gawa. Na mayar mata da jakar, ta shafa ta, ta rataye, ta ce, "Ta cika?" Na ce ta cika. Ban taɓa jin kunyar kaina irin ta jiya ba.

Ka je ofishinsu gobe-goben nan. Ka sayar da keken in ta kama. Ka dawo mana da lambar.

Zuwaira


Umdurman, 3 ga Maris, 2018

Yaya,

Sallama. Allah ya ba Inna lafiya. Mu muna nan.

Ba ni da bakin kare kaina. An biya ni kuɗin bikin a Disamba, na je ofishin, na tarar kuɗin waya ta huɗu ya koma ɗari da talatin. Na ce bari wata ya sake zagayowa. Sai Janairu ta zo da abin da kika sani, komai ya ninka. Kullum ina cewa gobe, kuma na ɓoye miki don kunya. Maganar kwana casa'in wallahi ban san da ita ba, amma wannan ba ya wanke ni.

Na kwana biyu ina zirga-zirga. Sun ce an sayar da lambar ranar biyar ga Fabrairu, an yi mata rajista da sunan mai ita, ba su da ikon karɓa. Na ce ta mahaifina ce. Suka ce ya zo da kansa da katinsa.

Sai na kira matar. Da farko ta ƙi saurarena, ta ɗauka ɗan sanda ne, don wai kwanan baya sun kwashe mata butoci da kujeru. Sunanta Asiya, shayi take sayarwa a tashar Shuwak, daga sansanin 'yan gudun hijira take. Da na yi mata bayani sai ta ce akwai abin da ya dame ta. A tsakiyar Fabrairu wani mutum ya yi ta turo saƙon murya cikin yaren da ba ta ji. Ta buɗe ta saurara, ba ta gane ba, ta bari. Ya kira sau biyu ta Watsaf ba ta ɗauka ba, don maza na damunta. Ta ce mutumin yana tari sosai, kuma kalma ɗaya ta riƙe, "Baba".

Na roƙe ta ta turo mini, ta ce ba ta iya ba, kuma ba ta ba ɗan tasha wayarta. Na ce ta karanto mini lambar mai saƙon, ta ce karatun nata bai kai nan ba. Yaya, Shuwak kusa da ke ce. Ki je. Ina tsaye a kan ƙafata har in ji daga gare ki.

Saifuddeen


Gadarif, 7 ga Maris, 2018

Ƙanena Saifu,

Assalamu alaikum. Zazzaɓin Inna ya sauka. Ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba, kuma kada ka karanta a gaban Raniya tana shayarwa.

Na je Shuwak ranar Litinin. Na sami Asiya a gindin bishiya bayan motocin Kasala, yarinya ce ƙarama, ba ta kai ni ba. Ta zuba mini shayi ta ƙi karɓar kuɗi, ta kore mutanen da ke benci, ta sa mini wayar a kunne. Saƙo biyar ne.

Shi ne. Na farko ranar sha biyu ga Fabrairu. Ya ce, "Baba, ni ne. Na fito daga Libiya, ina Dungula. Ƙirjina ba daɗi, ba zan iya hawa mota ni kaɗai ba. Ina kwana a rumfar masallacin tasha. A turo Saifu ya zo ya ɗauke ni, ai shi ya fi kusa." Ka san Baba bai yarda a yi masa Larabci a gida ba, shi ya sa duk da Hausa ya yi. Da ya yi kalma biyu da Larabci, da yarinyar nan ta gane.

Na biyu da na uku kusan abu ɗaya ne, yana kwatanta wurin, yana cewa wayar ta wani bawan Allah ce, a yi sauri kafin ya tafi. A na huɗu ya ce, "Baba, na ga alamar ta yi shuɗi, na san ka ji." Asiya ce ta buɗe, shi kuma ya ɗauka Baba ne ya saurara ya yi shiru. Na biyar ranar sha shida. Muryar ta shige ciki, sai na toshe ɗaya kunnen kafin na ji. Ya ce, "Ka ce kada in kira ka, na kira. Ba komai, ni na jawo. Ka yafe mini. A gaishe da Inna, ko da yake na san ita ba za ta tambaya ba."

A nan bencin na kira lambar da ta turo saƙonnin. Mai wayar wani mutumin Darfur ne, tare suka fito daga sahara. Ya ce ya so ya sa shi a mota, Yaya Sale ya ƙi, ya ce yana jiran ƙaninsa. Ranar sha takwas da safe ya cika. Mutanen masallacin suka yi masa sutura, suka binne shi a maƙabartar bayan tasha. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mutumin ya ce bai turo mana labarin rasuwar ba don ya ɗauka mun san da Yaya Sale ne muka ƙi shi.

Na yi ta zaginka a zuciyata daga Shuwak har Gadarif, ba zan ɓoye maka ba. Da motar ta shigo gari sai na gaji. Ni ma wata biyu ina kallon jakar nan a ginshiƙi ban miƙa hannu ba.

Asiya ta yarda, na kira Siddiƙ a waya ya gaya mini yadda ake yi, na kwashe saƙonnin zuwa tawa. Na iso gida bayan la'asar, Inna tana tsintar dawa a ƙofar ɗaki, Goggo Jummare na gefenta. Na durƙusa na faɗa mata komai, har da maganar layin, ban rage ba. Ba ta ɗaga kai ba. Ta ce in sa mata ta ji. Na sa tun daga na farko, hannunta yana cikin faifai yana tsinta. Da aka zo inda ya ce ya san ita ba za ta tambaya ba, sai hannun ya tsaya.

Ta ce, "Sale."

Shekarata talatin da takwas, ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Ta sake cewa, "Sale, ina tambaya. Kullum ina tambaya." Goggo Jummare ta rufe fuska da mayafi. Inna ta yi ta kiransa kamar yana bayan danga, har maƙwabta suka shigo.

Yau da safe ta ce in rubuta maka cewa ba ta riƙe ka da komai ba. Ta ce kai ka tambaye ta har sau biyu, ita ce ta amsa. Na rubuta kamar yadda ta faɗa. Za a yi sadaka ranar Juma'a, ka zo, kada ka kira, ka zo da ƙafarka. Daga nan sai ku wuce Dungula da Aliyu ku ga kabarin.

Da hantsi ta sauke jakar daga ginshiƙi da kanta, ta sa a ƙasan akwati tare da hular Baba. Siddiƙ ya aiko yana tambaya ko lafiya bai gan ta ba, na ce a gaya masa. In kana tara kuɗin waya ta huɗu, ka saya wa Jannatu madara da shi. Ukun sun ishe mu, yanzu da gaske ba wanda muke jira.

Yayarka,
Zuwaira